Abin da na koya daga bin asalin sunan Barth

A darasin tarihi aka ba mu aiki kan Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Kowa ya bi labarin tafiyarsa, ni kuwa sunan gidansu ne ya ja hankalina. A nan na gane cewa a Jamus mutum biyu za su iya amsa suna ɗaya alhali ko kusa ba su haɗa kaka ba.

Masana sunaye sun nuna tushen Barth ba ɗaya ba ne. A wani gidan gajarta Bartholomäus aka yi, sunan yanka na Kiristoci. A wani gidan laƙabi ne: Bart shi ne gemu, wato wani kaka mai gemu ne maƙwabta suka yi ta tsokana har sunan ya bi 'ya'ya da jikoki. Sannan akwai garin Barth a gaɓar tekun Baltik, kusa da Stralsund, kuma baƙo in ya sauka wani gari akan kira shi da sunan inda ya fito.

Zuciya ta fi saurin karkata ga garin, tunda a Hambug aka haifi Heinrich a 1821, ita ma arewa ce, ga tashar jiragen ruwa. Sai dai mahaifinsa daga Turingiya ya zo, can tsakiyar ƙasar. Kusancin garuruwa a taswira bai isa hujja ba.

Hujjar tana cikin rajistar coci, kuma nan aikin yake da cin rai. Sunayen gado sun fara kankama a biranen Jamus tun ƙarni na 12, amma sai a 1563 babban taron shugabannin coci da aka yi a garin Trent ya wajabta wa cocin Katolika rubuta baftisma da aure. Yaƙin shekara 30 da aka gwabza daga 1618 zuwa 1648 kuma ya cinye rajistoci da yawa. Rajistar gwamnati ba ta game ƙasar ba sai 1876. Tsakanin kakan da aka fara kira Barth da takardar farko da ta ambaci zuriyarsa, sau da yawa akwai giɓin ɗaruruwan shekaru.

Hoton shafin rajista da malaminmu ya nuna mana ya ishe ni misali: tawada ta dushe, rubutun hannun tsohon salo ne da ko Jamusawan yau ba kowa ke iya karantawa ba. Limamin coci yadda kunnensa ya ji yake rubutawa, yau Barth, gobe Bart, jibi Bahrt, duk mutum ɗaya. Shi ya sa nake tausaya wa masu sayen tambarin dangi a intanet don kawai suna ya zo ɗaya. Yanzu ba na yarda da wata alaƙa sai na ga sunan uba da uwa da ƙauye da shekara sun dace a takardu biyu daban-daban.