"Ban gane ba": abin da na koyo a wata masaƙa a Bursa

A Kantin Kwari na tashi. Tun ina firamare nake zuwa shagon Baba ranar Asabar, ina ninke shadda da atamfa, ina jin yadda yaran shago ke amsa "to Alhaji" tun bai rufe baki ba. A wajenmu wannan ladabi ne, kuma har gobe ban raina shi ba. Amma sai da na je Bursa ta ƙasar Turkiyya a ƙarshen 2021, koyon sanin makamar aiki a wata masaƙa bayan na gama karatun kasuwanci a Jami'ar Bayero, na ga inda "to" ke jawo asara.

Bursa garin masaƙa ne tun zamanin daular Usmaniyya. Kasuwarsu ta alharini, Koza Han, tun 1491 take tsaye, kuma ranar da na shiga sai na ji kamar ina gida, har salon cinikin. Ni kuwa an sa ni a sashen da ke karɓar odar 'yan kasuwar waje ya miƙa wa masu rini.

A mako na uku shugaban sashen, wani dattijo mai furfura, ya faɗa mini lambar kala a tsaye, injuna na ta ruri. Ban ji sosai ba. Nauyinsa ya hana ni cewa ya maimaita, sai na ce "tamam", wato "to" ɗinsu, na rubuta abin da nake zato. Bayan kwana biyu aka fito da yadi bandir-bandir. Shuɗi ne, amma ba shuɗin da mai oda ya nema ba, kuma duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ya san tsakanin shuɗi da shuɗi akwai tafiya.

Na tsaya ina jiran faɗa, zufa na keto mini duk da sanyin garin. Dattijon ya ɗora ƙyallen samfur a kan bandir ɗin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni a ina maganar ta ɓata. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce rabin laifin nasa ne, tunda ya ba da lamba da baki cikin hayaniya, bai kuma sa na maimaita ba. Daga ranar duk lamba sai a rubuce, a maƙala mata ƙyalle, wanda ya karɓa kuma ya karanto ta da ƙarfi. Ya koya mini kalma ɗaya, "anlamadım", ban gane ba, ya ce yana so ya riƙa jin ta daga bakina.

Wannan ya fi zauna mini a rai fiye da duk abin da na karanta a aji. Na ƙasa ba zai taɓa cewa bai gane ba matuƙar ya san tsawa ce za ta biyo baya. Na sama ne ke da ikon sauƙaƙa masa faɗar.

Kuma mutumin ba ya ɓoye labari mara daɗi. A shekarar kuɗinsu lira ya zube da fiye da kashi 40 cikin ɗari a kan dala. Kullum da safe yakan tara mu minti goma a tsaye, ya faɗi yadda zare ya tashi da odar da za ta makara. Ban taɓa jin raɗe-raɗi a sashen nan ba.

Na tuna shi sosai a watan Yunin 2023, da aka saki naira farashi ya riƙa sauyawa tsakanin hantsi da la'asar. Na ga shagunan da yara suka sayar a tsohon kuɗi don maigida bai faɗa musu komai ba, aka dawo ana zagin su.

Na sami Baba bayan sallar isha'i na ce, "Baba, da za ka yarda, da mun riƙa zama da yara kullum kafin a buɗe, a faɗi farashi, kowa ya maimaita." Ya yi shiru, can ya ce ai don haka yake cin abincin rana da su a kwano ɗaya, a nan yake jin abin da ba sa faɗa a gaban mutane. Amma ya amince in gwada.

Wata uku ina fama, amsar dai "to Yaya". Sai ran nan ina lissafa wa ƙaraminsu kayan wani abokin cinikinmu na Maraɗi, ya ɗago kai daga littafin ya ce, "Yaya, ban gane ba. Dila nawa ka ce?" Na ja kujera na zauna kusa da shi, muka sake daga farko.