Kwikwiyon da Ke Sakin Fitsari Idan Ya Gan Ka

Kiwon kaji nake yi a bayan gari, kuma duk mai wannan sana'a ya san ba a yin ta babu kare. Ɓarayi na gefe guda, muzuru da gafiya na gefe guda. Da yake karnuka ba sa yankewa a wurina, sai mutanen unguwa suka mai da ni wurin kawo ƙara. Ƙarar da ta fi yawa kuwa ita ce: "Malam, kwikwiyon nan ba shi da tarbiyya. Ina dawowa daga kasuwa ya rugo, sai kawai ya tsula mini fitsari a ƙafa. Na doke shi har na gaji, abin ƙaruwa ma yake yi."

Dole ya ƙaru. Dukan ne ke ƙara shi.

Abin iri biyu ne, kuma da ido ake bambanta su. Akwai fitsarin ladabi, akwai na murna.

Na ladabin a wurin Duna na fi ganinsa da kyau. Karya ce ruwa biyu, ubanta Alsatian, irin karen nan na 'yan sanda, uwarta karyar gida. Tana 'yar wata 4, duk ranar da kawuna ya leƙo gona sai an yi. Shi mutum ne dogo mai babbar murya, ga babbar riga tana ta filfilawa, tun daga ƙofa yake rafka sallama. Duna takan taho wajensa, amma cikinta na jan ƙasa. Kunnuwa sun kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, bakinta kawai ke motsi tana lashe leɓe. Ba ta yarda su haɗa ido. Da ya sunkuyo ya miƙa hannu kanta, sai ta kife gefe guda, ta ɗaga ƙafar baya ɗaya, ta buɗe masa ciki, fitsari ya biyo. Ba mai yawa ba, abin da bai wuce cokali biyu ko uku ba. Kawu ya ja da baya yana tattare riga, ya ce, "Kai, ɗan nan, wannan ce za ta yi maka gadi?"

Gaisuwa ce take yi masa. A tsakanin karnuka haka ƙarami ke nuna wa babba cewa ya bi, ba faɗa ya kawo shi ba. Babban kare yakan sunsuna shi ya wuce, magana ta ƙare. Kwanciyar ma ba baƙuwa ba ce a wurinsu: a makonni 3 na farko jaririn kwikwiyo ba ya iya fitsari da kansa, sai uwar ta juya shi ta lashe masa ƙasan ciki. To mu kuma da aka yi mana wannan gaisuwar, sai mu ɗaga murya mu ɗauko bulala. Kamar yaro ne ya durƙusa ya gaishe ka, ka kai masa mari. Gobe tun daga nesa zai zube, ya ƙara ƙanƙan da kai, don a tunaninsa durƙuson jiya ne bai isa ba. Shi ya sa za ka ga kwikwiyon da ake duka, ƙarar babur ɗin maigida kawai zai ji ya jiƙa wuri. Masu dangwara masa hanci cikin fitsarin kuwa, babu abin da suke koya masa sai tsoron hannun mutum.

Na murna ba shi da wannan zurfin. Wani namiji da na taɓa riƙewa, Bingo, shi a tsaye yake nasa. Kunne a miƙe, wutsiya na kaɗawa har da ƙugu, yana tsalle yana zagaye ka, ɗigon fitsari na bin sa a layi kan siminti. Bai ma san yana yi ba. Naman da ke riƙe bakin mafitsara ne bai yi ƙwari ba tukuna, zumuɗi ya yi masa yawa. Ƙiyasin da masu kiwon karnuka ke yi shi ne, kwikwiyo na riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wato ɗan wata 3 kada ka sa ran ya wuce awa 3 da rana. Ka bar shi a keji tun safe, ka dawo da yamma ka buɗe shi kana ta kiran sunansa da ƙarfi, me kake jira? Akasarinsu suna dainawa da kansu kafin su cika shekara, ko jim kaɗan bayan haka.

Ba na ganin laifin mai jin haushi, domin a wurinmu maganar ba ta ƙazanta kaɗai ba ce. Fitsarin kare najasa ne. Mutum ya yi alwala zai tafi Magariba, kwikwiyo ya jiƙa masa ƙafa da bakin wando, ba zai tsaya yana nazarin halayyar dabba ba. Alwalar dai ba ta karye ba, wanke wurin za a yi a sauya wandon, amma ɓata lokaci ne da ɓacin rai. Don haka ni abu na farko da nake cewa shi ne a raba kwikwiyo da zaure da tabarma da duk inda ake shimfiɗa darduma. Gaisuwarku ta zama a kan turɓaya, can wajen kejinsa. Ni da takalmin roba nake shiga gona dama saboda kaji, sai ya zamana ya yi mini aiki biyu.

Sauran kuwa sauya hali ne, kuma halin mutum za a sauya, ba na kare ba. Idan na shigo ba na kallonsa, ba na kiran sunansa, ba na taɓa shi. Nakan wuce in ajiye kaya, in duba ruwan kaji, in bar shi ya yi ta zagayensa har wutar ta ragu. Sai in buɗe masa ya je ya yi fitsarinsa inda ya saba. Bayan nan ne zan tsuguna, in ba shi gefen jikina maimakon gaba, in sauke hannu ƙasa in jira shi ya zo da ƙafarsa. Idan ya zo, ƙirji nake sosa masa ko ƙarƙashin haɓa. Dafa kai, wanda mu muke ɗauka so ne, shi ne abin da ya fi tayar wa mai fitsarin ladabi hankali, domin hannu ne ke saukowa daga sama da inuwar mutum gaba ɗaya. In kuma duk da haka ya saki, ko uffan ba na cewa. Nakan tashi in tafi, in dawo da ruwa bayan ya bar wurin.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ƙanzo ne. Ina shigowa sai in watsa masa 'yan gutsattsari a ƙasa, ko ɗan busasshen kifi marar ƙaya. Karen da hancinsa ke ƙasa yana tsince-tsince hankalinsa ya rabu, ba ya kwanciya ya buɗe ciki. Daga nan sai a koya masa "zauna", ya zamana da zama yake tarbar mutum ya karɓi rabonsa.

Wahalar tana wajen mutane. Yara ba sa iya ganin kwikwiyo su yi shiru, sai ihu da guje-guje, kuma su ne man fetur ɗin fitsarin murna. Manya kuma, ta ina zan fara ce wa kawu ya tsuguna wa kare? Iyakata in ce, "Kawu, don Allah yi kamar ba ka ga Duna ba." Da ya gwada, ya zauna kan benci muna lissafin buhunan dusa, ita da kanta ta lallaɓo ta sunsuni takalminsa ta koma, ƙasa a bushe. Idan na san baƙi na tafe, nakan fitar da ita ta rage mara tukuna.

Tambayar kawu ta gadi kuma, mutane da yawa suna amsa ta da mugun magani. Sai a kulle kwikwiyo a keji mai duhu kada ya ga kowa, wai don ya yi zafi. Alhali daga mako 3 zuwa wajen mako 12 ne kwikwiyo ke koyon sabo da mutane da ƙararraki da wurare. Wanda aka hana wannan, matsoraci yake tashi, kuma matsoracin kare shi ne mai cizon yaron maƙwabta don an matso shi a lungu. Duna da kawu ya yi wa kallon matsoraciya, yanzu ita ce ke fara jin motsi a bayan katanga da dare, haushinta kuma ba na wasa ba ne. Ladabinta ga mutanen gida bai rage mata komai a wajen aikin ba.

Akwai inda ba na ba da shawarar haƙuri. Fitsarin ladabi da na murna a gaban mutum ake yin su, lokacin gaisuwa ko wasa ko faɗa. In ka ga kare ya tashi daga barci wurin kwanciyarsa a jiƙe, wannan daban ne, kuma an fi ganinsa ga karnuka mata da aka yi wa aikin hana haihuwa. In yana yawan tsugunawa yana yunƙuri ɗan kaɗan ke fita, ko da jini, ko yana ta lasar wurin, akwai yiwuwar ƙwayoyin cuta ne a mafitsara. In shan ruwansa ya ƙaru sosai, ana duba ciwon suga da ƙoda. Kwikwiyon da kullum cinyoyinsa a jiƙe tun yaye, wani lokaci hanyar fitsarin ce ta zo a karkace tun daga ciki. Shi kuwa balagaggen namiji mai ɗaga ƙafa yana fesa wa taya da gindin bishiya, alama yake sakawa, lafiyarsa ƙalau.

Waɗancan na likitan dabbobi ne, ba na kemis ba. Kada a sayo kafso a tura masa a cikin tuwo. Likita zai so ganin fitsarin, don haka a tari na farkon safiya da murfi mai faɗi wankakke, a juye a kwalba mai tsabta, a kai kafin rana ta yi zafi.