Neman ɗakin kwana a Ankara ga wanda ya taso daga Kumasi karon farko

Tsofaffinmu na zangon Kumasi ba su san neman otal a Ankara ba, wato Accra, babban birnin Gana. A zamanin fataucin goro kowane baƙo da maigidansa: ka sauka wurinsa, ya ajiye maka kaya, ya haɗa ka da mai saye, ya ɗauki la'adarsa. Har gobe idan ka ce za ka Ankara a Aboabo ko Asawase, wani zai ce ga ƙanensa a Nima, wata ta ce ga ɗiyarta a Fadama. Sai dai duk wanda ya leƙa gidajen haya na Nima ya san ɗaki guda kan ɗauki iyali sukutum. Ni kuwa kwana uku zan yi ina sarin kaya a kasuwannin Makola da Okaishie, da kuɗi a jikina, ga ƙunshin kaya da zan riƙa tarawa kullum. Ɗakin biya ya fi mini.

Kuskuren da na fara yi shi ne na buɗe waya na jera ɗakuna daga mai araha zuwa mai tsada. Duk waɗanda suka hau sama an rubuta musu Accra, amma da na duba taswira sai ga ɗaya a Kasoa, ɗaya a Amasaman, ɗaya can bayan Adenta. Kasoa ma ba ta cikin jihar Ankara, tana jihar Central ne. Daga waɗannan wurare zuwa Makola da safe, awa biyu a cikin cunkoso ba abin mamaki ba ne, haka ma komawa da yamma. A ce ɗakin can sidi 200 ne, na kusa da kasuwa kuma 300. Kana ganin ka tsira da sidi 100. To da yamma kana ɗauke da buhu biyu, trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba zai ɗauke ka haka kawai ba sai ka biya kuɗin kaya ko ka sayi kujera biyu, in kuwa ka kira tasin Bolt ko Yango ta waya a lokacin tashi daga aiki, kuɗin ya haura ragin da ka samu. Ga awa huɗu da suka tafi a hanya. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Sai na juya lissafin. Na fara sa alama a inda hidimata take, sannan na nemi ɗaki a kewayensa. Ga mai zuwa Makola, Tudu, Okaishie ko Kantamanto, unguwannin da suka fi dacewa su ne Adabraka, Asylum Down da Kokomlemle. Duk suna kusa da Circle, wato mahaɗar Kwame Nkrumah, inda motocin kamfanin VIP da ke tashi daga Asafo suke sauke mutane, kuma a nan ƙananan otal-otal da gidajen saukar baƙi suka fi yawa, har kana iya duba uku ko huɗu a ƙafa. Daga Adabraka trotro ɗaya ne zuwa kasuwa, ka ji yaron mota yana kiran "Accra, Accra", abin da yake nufi tsakiyar gari. Wanda hidimarsa ke Abossey Okai wajen kayan gyaran mota ya nemi ɗaki ta Kaneshie, mai jinya a asibitin Korle Bu ya duba ta Korle Gonno ko Mamprobi. Osu, Labone, Cantonments, Airport da East Legon kuwa, kuɗin sunan unguwa ake biya.

Lokacin isa yana da muhimmanci fiye da yadda na zata. Tsakanin Kumasi da Ankara kusan kilomita 250 ne, ta Konongo, Nkawkaw, Suhum da Nsawam, amma shigar gari daga Nsawam zuwa Ofankor ita ce mai cin lokaci. Wanda ya shiga mota bayan sallar asuba yakan sauka da rana tsaka. Wanda ya bari sai azahar zai sauka Circle da duhu, tunda wajen ƙarfe 6 rana ke faɗuwa duk shekara, kuma a lokacin ba shi da ƙarfin ciniki: ya gaji, ga jaka, duk ɗakin da aka nuna masa zai karɓa. Direban tasi da ya ce ya san wani wuri mai kyau, sau da yawa yana da ɗan abin da ake ba shi a can, kuma daga kuɗinka zai fito.

Ban tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami ba. Tun ina Kumasi na kira wurare uku, na ce su ɗauki bidiyon ɗakin da banɗakin a ranar su turo ta WhatsApp, tare da adireshinsu na GhanaPostGPS. Hotunan da ke intanet galibi na ranar buɗe gida ne, fenti sabo, katifa sabuwa. Guda ya ƙi turo komai sai lambar MoMo, wato ta tura kuɗi ta waya, yana cewa ɗaki ɗaya ya rage, in ban tura rabi yanzu ba wani zai ɗauka. Wannan na soke shi. Akwai masu manna lambarsu a kan sunan otal na gaske a taswirar intanet, ka tura kuɗi, ka isa wurin a ce ba a san da kai ba. Idan dole sai ka biya ta MoMo, ka karanta sunan da zai fito kafin ka danna lambar sirri. In sunan mutum ne ba na otal ba, bari sai ka isa ka tsaya gaban kanta.

A kan kantar akwai abin da ya kamata ido ya fara nema: lasisin Ghana Tourism Authority, hukumar da ke yi wa masaukai rajista tana raba su aji-aji, daga masu taurari zuwa gidajen saukar baƙi da masu rangwamen kuɗi. Yawanci yana rataye a bango cikin gilashi. Duba shekarar da ke jiki. Za su nemi Ghana Card ɗinka, wato katin ɗan ƙasa, ko fasfo in daga wata ƙasa ka zo, su rubuta a littafi. Inda ba a tambayi katin kowa ba, kowa ma shiga yake.

Daga nan sai ɗaki, kuma kar ka ji kunyar cewa a nuna maka kafin ka ciro kuɗi. Ni banɗaki nake fara shiga. In buɗe shawa da famfon wanke hannu tare, in bar su suna zuba kamar minti ɗaya, in ja ruwan masai in tsaya in ji ko tankinsa na cika. Ruwan famfo a Ankara rabo ake yi, wata unguwa sai ta kwana biyu ko fiye ba a kawo ba, don haka kowane gida da manyan baƙaƙen tankunan roba yake rayuwa, wasu da rijiyar burtsatse. Idan ka ga babbar roba cike da ruwa da ɗan kofi a ciki an ajiye a banɗaki, an gaya maka gaskiya ba da baki ba. A bene kuma ruwa ba ya hawa sai da injin turawa, injin kuwa wuta yake sha, saboda haka ranar da aka ɗauke wuta hawa na sama ne ke fara bushewa. Ga mai alwala sau biyar a yini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai kanta ba zai faɗa maka wannan ba. Maigadi ne zai faɗa, kuma a waɗannan unguwanni da wuya ka rasa maigadi mai jin Hausa. A gida na farko da na duba na tarar da wani dattijo a bakin ƙofa da rediyonsa.

"Sannu da aiki, Baba. Yaya ruwa a gidan nan?"

Ya ɗaga kai ya dubi tankin da ke kan rufi. "Ɗana, in za ka yi wanka ka yi da daddare. Da safe sai wanda ya riga."

"Janareta fa?"

"Akwai. Amma fanka da fitila kaɗai yake ja, esi ba ya ɗauka."

Wannan amsa ta biyu ta cece ni daga biyan kuɗin ɗaki mai esi. Bambancin kuɗi tsakanin mai fanka da mai esi yana da yawa, kuma in janareta ba ya jan esi, daren da aka yi dumsor, wato aka ɗauke wuta, kun zama ɗaya da mai fanka, shi ma ya fi ka, don ɗakunan esi sau da yawa tagarsu ƙarama ce ko a liƙe take. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi da gumi na iya sa esi ya cancanci kuɗinsa. A watan Yuli da Agusta gari na da sanyi-sanyi, fanka ta isa.

Gado kuma, yaye zanin, ɗaga kusurwar katifa ta wajen kai, haska fitilar waya a bakin ɗinki. Ɗige-ɗigen baƙi kamar an yayyafa tawada kashin kuɗin cizo ne, kuma in suka shiga kayan sarinka har Kumasi za su raka ka. Duba ragar taga ko ta yage, saboda sauro. Gwada sakata daga ciki. Sa caja a soket ka gani ko tana ci.

Abu na gaba bango ne, daga ƙasa zuwa gwiwa. Idan fenti ya kumbura yana ɓarewa, ko akwai layi mai launin ƙasa a miƙe kewaye da ɗakin, ruwa ya taɓa kwana a nan. Kogin Odaw ya ratsa ta Alajo da Circle, kuma ɓangaren Adabraka da ke gangare kusa da shi yana cikin wuraren da ambaliya ta saba ci. Ba a manta da daren 3 ga Yunin 2015 ba, da ruwa ya haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum fiye da 150 suka rasu. Daga Mayu zuwa farkon Yuli kar ka yarda da ɗakin ƙasa a gangare, musamman in za ka jibge kaya a daɓe. Hawa na farko ya fi: ruwan sama bai kai shi ba, na famfo kuma yana kaiwa.

Akwai abin da rana ke ɓoyewa, shi ne hayaniya. Kafin ka biya, zaga bayan gidan ka gani ko akwai mashaya ko coci a manne da shi. Daren Juma'a majami'u da yawa kwana suke suna addu'a da lasifika, ranar Asabar kuma in aka kafa rumfunan makoki ja da baƙi a layin, kiɗa sai dare. Nemi ɗakin da ke baya, nesa da titi da kuma janareta. Sannan in ka ga an rubuta farashin awa biyu ko uku a allo kusa da na kwana, ka san irin baƙin gidan. Ƙofa za ta yi ta buɗuwa har asuba, kuma ba wurin da za ka bar kaya ka fita ba ne.

Wajen kuɗi, tambaya ta farko ita ce ko haraji na ciki. Otal mai cikakkiyar rajista yana ɗora harajin VAT da na lafiya da na ilimi, da kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido, jimillarsu kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ɗakin. Ɗakin da aka ce 300 sai ya tashi wajen 360. A shafukan intanet kuma wani lokaci da dala ake nuna farashi, in ka iso su juya shi da canjin da suka ga dama, don haka a tsayar da magana da sidi tun a waya. Kar kuma ka firgita in dattijo ya ce maka miliyan uku. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga tsohon sidi amma bakin mutane bai bari ba: miliyan ɗaya sidi 100 ke nan. A ƙananan gidaje ana taya ɗaki kamar yadda ake taya atamfa, musamman daga Litinin zuwa Alhamis, kuma wanda ya zo da ƙafarsa yakan sami ragi, tunda ba kamasho da za su biya wani shafi. Disamba ce ba a taya komai. Tun bikin Year of Return na 2019 baƙi daga Amurka da Ingila ke cika gari a ƙarshen shekara, ɗakuna su yi wuya, kuɗi ya tashi.

Kwana ɗaya na fara biya, na karɓi rasit, na ce in na ji daɗi zan ƙara biyu a yi mini ragi. Hakan ya yi rana, domin a daren farko na gano bayan tagata wurin ajiye janaretan maƙwabta ne. Da safe na nemi a sauya mini ɗaki, aka sauya ba gardama, saboda sauran kuɗin na aljihuna. Da na zube na kwana uku gaba ɗaya, da sai dai a ba ni haƙuri, don mayar da kuɗi ba al'adar ƙananan otal ba ce.

Karin kumallon otal ban sa shi a lissafi ba, yankan burodi ne da ƙwai da shayi, kuma ba a fara bayarwa sai mai zuwa kasuwa ya riga ya fita. Daga Kokomlemle ko Asylum Down tafiya kaɗan ce zuwa New Town da Nima, inda koko da ƙosai ke fitowa tun asuba, waakye da safe, tuwo da rana, tsire da daddare, nama kuma ba ka tambayar wa ya yanka. Babban masallacin ƙasa da aka buɗe a Kanda a 2021 yana nan kusa ga mai Juma'a. Buta ƙarama da sallaya ka taho da naka, alƙibla kuma gabas ce da ɗan karkata arewa. Na sayi jakar piyawata guda na ajiye a ɗaki maimakon ruwan gora na firjin otal.

Ranar tafiya, yawancinsu ƙarfe 12 na rana ake sakin ɗaki, in ka wuce wasu su caje ka rabin kwana. Ni da saura ciko a Okaishie, sai na fitar da kayana tun safe, na ƙirga su a gaban mai kanta, ta rubuta ƙunshi biyar a bayan rasit ɗina ta sa hannu, aka kulle su a sito. Da na dawo bayan azahar, Baba maigadi ne ya tsayar mini da tasi, muka yi ciniki har cikin tashar Circle tare da kuɗin kaya kafin a buɗe but.