Abin da saiwar albasa ta nuna da abin da aka ce in cire

Tunda dai na karɓi sakamakona na bar sashen, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, musamman don ƙannenmu da yanzu suke jera albasa a bakin kwalabe a lab ɗin nan.

Aikina kun san shi, sassaƙen wata bishiya ce da mutanenmu ke jiƙawa suna sha don shawara da basir, aka ce in duba ko tana taɓa ƙwayoyin gado, sannan ko tana iya kare su daga cyclophosphamide, maganin kansar nan da muke sawa da gangan don ya yi ɓarna mu ga me zai rage ta. Gwajin albasa, wato a bar saiwarta ta tsiro cikin ruwan abin da ake gwadawa sannan a duba ta a maikiroskof, ba wasan yara ba ne kamar yadda wasu ke ɗauka, tun 1938 wani masani mai suna Levan ya fara aiki da shi, wani kuma mai suna Fiskesjö ya daidaita shi a 1985, kuma an zaɓi albasa ne saboda kiromosom ɗinta, wato zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, 16 ne manya-manya, ana ganinsu tar ko da tsohon maikiroskof irin namu.

A ƙaramin ma'auni sakamakon ya yi kyau, ɓarnar ta ragu sosai, Oga, wato sufabaizana, har murmushi yake. Amma da na kai ma'auni mai kauri, wanda shi ne ya fi kusa da yadda ake jiƙa shi ya kwana a gida ruwan ya yi jajir, sai saiwoyin suka ƙi tsawo, suka lanƙwashe kamar ƙugiya, bakinsu ya yi ruwan ƙasa. Na yanke ƙarshen, na sa a asid, na rina da orcein, na danne da babban yatsa a kan silayid, wallahi abin da na gani bai bar ni na yi barci ba, kiromosom sun manne da juna, wasu sun yi gada tsakanin ɓangarori biyu lokacin rabuwa, ga gutsattsari an bar su a baya, kuma wannan babu cyclophosphamide ko ɗigo a ciki, sassaƙen ne zalla.

Na kai wa Oga teburin alƙaluman sakamakon. Ya duba ya ce "cire wannan layin na ƙasa, taken aikinka kariya ce ba guba ba." Na ce ranka ya daɗe ai duka biyun ne a furofozal. Ya ce silayid ɗina ne ba tsabta, kuma wai ni ne sufabaiza ko shi. Na koma na sake, wannan karon Baba mai kula da lab, Allah ya saka masa da alheri, shi ya rufe sunayen silayid ɗin ya sa musu lambobi yadda ban san wanne nake ƙirgawa ba sai bayan na gama. Abu ɗaya ya sake fitowa. Daga nan babi na huɗu ya shiga durowarsa ya kwanta, abokan karatuna suka yi difens suka tafi ina nan ina sintiri ƙofar ofis, kullum a ce in dawo mako mai zuwa. A ƙarshe an yarda in tura teburin can rataye na baya inda ba mai dubawa, takardar da aka buga kuwa da sunansa a gaba babu teburin a cikinta sam.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ya fi ni sanin labarin Beljiyam na farkon shekarun 1990, inda mata suka sha maganin rage ƙiba mai wani tsiro da ake kira Aristolochia a ciki ƙodarsu ta lalace, wasu daga baya suka kamu da kansar hanyar fitsari, saboda sinadarin tsiron yana manne wa ƙwayar gado. Shi ya koya mana wannan a aji da bakinsa. Ni ban ce bishiyarmu haka take ba, shi ya sa ma ban kama sunanta ba, albasa ishara ce kawai, sai an bi ta da gwajin Ames, wanda ake yi da ƙwayoyin bakteriya, da na ɓargon ɓera kafin a yi magana mai ƙarfi. Amma ishara ce da ya kamata a buga ta, tunda iyayenmu ne ke sha ba da cokali ba, da kofi.

Ku da kuke ciki yanzu, ku kai samfurin ganyenku harbariyam, inda ake tantance tsirrai a adana su, a ba ku lamba tun kafin ku fara. Ku ɗauki hoton kowane silayid ranar da kuka yi shi ku tura wa kanku a imel. Ku girmama ma'aikatan lab. Kuma kafin ku amince da sufabaiza ku nemi tsofaffin ɗalibansa a gefe ku tambaya.

Teburin nan da hotunan suna hannuna har yanzu, duk wanda yake da ɓeraye da kuɗin abincinsu kuma yana son ɗorawa daga inda na tsaya, ya yi min magana zan ba shi duka.