TRF da G goma sha ɗayan da ya ƙi nuna min

Har yanzu raina na ɓaci in na tuna lokacin da na ɓata ina bin sakamakon Tandem Repeats Finder (TRF), manhajar neman maimaici, kamar wahayi. Aikin memwar ɗina a nan Maradi kan ƙwayar sanƙarau ne, Neisseria meningitidis, dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya san annobar 2015 ta nau'in C a Nijar ya san mi ya sa. Ina neman wuraren da ADN, wato sinadarin gado da ake rubutawa da haruffa huɗu A, C, G da T, ke maimaita kansa a jere, amma masu aiki a jikin ƙwayar, ba tarkace ba.

Sauke jenom, wato ɗaukacin ADN na ƙwayar, daga rumbun bayanai na NCBI a intanet ba wata matsala, in ka cire forfe da ya ƙone. Na fara da jenom ɗin wani irin ƙwayar mai suna MC58, wajen haruffa miliyan 2.27, na saka a TRF da saitin da kowa ke kwafa, 2 7 7 80 10 50 500, ya fiddo tebur mai kyan gani, na yi ta murna ina jera su daga mafi tsawo zuwa gajere.

Sai da malamina ya duba ya ce, "To ina porA?" Babu shi. Wallahi babu. Wancan 50 ɗin shi ne mafi ƙarancin maki, kowane harafin da ya dace kuma maki 2 ne, kenan duk abin da bai kai haruffa 25 ba manhajar ba ta ma kallonsa. Shi kuwa porA jin ne, wato yankin ADN mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, maimaicinsa jerin G ne ɗan guntu tsakanin gurbi -35 da -10 a gaban jin ɗin, G 11 ƙwayar ta fitar da furotin ɗin da yawa, 10 ya ragu, 9 ya ɗauke. Harafi guda! Enzim mai kwafar ADN ne ke zamewa kan jerin, ya ƙara ɗaya ko ya yar da ɗaya, da haka ƙwayar ke sauya riga ta ɓace ma garkuwar jiki. Ainihin abin da na zo nema kenan, kuma saitin ya binne shi bai ce min uffan ba.

Ba laifin Gary Benson da ya rubuta TRF ba ne, manhajar tasa ta 1999 na yin aikinta, dogayen maimaici irin na MIRU-VNTR da ake bambance ƙwayoyin tarin fuka da su a gurbi 24 tana kama su sarai. Waɗanda ke rubuta darasi su manna saitin ba bayani su ne ke ba ni haushi.

Ƙarshenta ɗan guntun shiri na rubuta da harshen kwamfuta na Python, layuka kaɗan, ya nemo duk jerin G ko C daga 7 zuwa sama da gajerun maimaici, sannan na haɗa da fayil ɗin da ke nuna inda kowane jin yake. Nan abu ya fara ma'ana. Tsawo ba shi ba ne, wuri shi ne. CTCTT na cikin jin ɗin opa haruffa 5 ne, ƙwayar kuma uku-uku take karanta haruffan jin, 5 kuwa ba ta rabuwa da 3, to da an ƙara ko an rage guda karatun ya goce, furotin ya yanke. Mai haruffa 3 ko 6 ko 9 yawanci tsawon furotin kawai yake sauyawa.

In za ka yi wanga aiki, kafin komi ka ɗauki wuri biyu ko uku da aka riga aka tabbatar, porA, opa, ko TAAA na jin ɗin nadA, ka ga ko hanyarka na kama su. In ba ta kama ba kada ka matsa gaba ko taku ɗaya. Kuma ka duba da wace na'ura aka karanta jenom ɗin, Nanopore kaɗai na yawan kuskuren ƙidayar harafi ɗaya da ya jeru, sai ka ɗauka ƙwaya ce ta kashe jin alhali na'ura ce ta ci G guda. Gajerun karatu na na'urar Illumina kuma kan tsinke daidai kan dogon maimaici, shi ya sa duk wanda ya faɗo a bakin kontig, wato guntun jenom da aka harhaɗa, yanzu gefe nike ajiye shi har sai na ga ɗanyen karatun da idona.