Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsingaron Jabal Moya

A makon jiya na tsaya a kan rasuwar Inna. Yau zancen ajiye aikin koyarwa ya kamata in shiga, amma tun ranar Juma'a da ɗan Baffa ya aiko min da saƙon murya, wai "Yaya, har yanzu ana tsintar tsingaro?", hankalina ya koma Jabal Moya, dutsen nan mai tsoffin kaburbura kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, ya ƙi dawowa.

Kaka, Allah Ya jiƙansa, ya yi lebura a dutsen nan yana saurayi, shekaru kaɗan bayan mutanenmu sun sauka Mai Wurno. Lokacin ne Baturen Ingila Henry Wellcome yake tono a wurin, daga 1910 zuwa 1914, da ma'aikata dubbai, har suka buɗe kaburbura kusan 3,000. Shi Kaka kwandon ƙasa yake ɗauka. Ba ya son zancen. In an matsa masa sai ya ce, "Mun tashi mutane daga barci, ba mu tambayi sunansu ba." Iyakar abin ke nan. Ina yaro na ɗauka tsoron aljanu ne irin na tsofaffi.

Sai da na yi furfura na gane. A 2017 masu binciken kayan tarihi suka dawo dutsen, ni kuwa ba ni da aikin fari bare na baƙi, na hau mota daga Sinnar na je na ce ina so in taya, ba don kuɗi ba. Aka ba ni rariya da bokitin ruwa. Ranar farko na hangi wani guntun tukunya mai zane a bakin rami, na ɗauko da murna na kai wa wata ɗaliba, sa'ar autata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Baba, daga ina ka ɗauke shi?" Na ce can. Ta ce can ina, wane rami, zurfin nawa, me ke kusa da shi? Shekara talatin ina tsare yara da tambaya a gaban allo, ranar ni aka tsare. Ashe tsingaro ba ya magana sai a inda yake kwance: ƙasar da ke samansa, gawayin da ke gefensa, ƙashin da ke ƙarƙashinsa, su ke faɗin shekarunsa. Kowane guntu da jakarsa da lambarsa, kafin a taɓa an auna, an zana, an ɗauki hoto. Tambayar suna ke nan da Kaka yake nufi.

To ga ɗan Baffa. Kun san shi, ba sai na faɗa ba. Tun da ya je arewa haƙar zinariya ya dawo da na'urar nan ta gano ƙarfe a cikin ƙasa da suke kira jihaz, ba kufan da ya bari. A bikin 'yar Goggo, gaban surukai, ya ce Yaya ya yi boko har ya ƙare a wankin kasko. Aka yi dariya, har da waɗanda na koya wa baƙi. Na haɗiye.

Abin da ban haɗiye ba shi ne tukunyar. Da dare ya tona wani tudu kusa da kogi, ya fito da ita lafiya ƙalau, ko tsaga babu, ya sa fartanya ya fasa don ya ga ko da zinariya a ciki. Ƙasa ce kawai. Ni ya kawo wa gutsattsarin a buhun albasa, wai in kai wa mutanena ko za su saya. Na ce masa wani ɗan Italiya, Ferlini, ya yi irin wannan a 1834, ya rusa kawunan dalar Bajarawiyya, kaburburan sarakunan dā na Sudan, don zinariya, har yau ga su nan a guntule. Ya ce to ai shi ya samu. Wallahi abin da ya ce ke nan.

Ban kai ƙara hukumar kayan tarihi ba. Baffa na kwance ba lafiya a lokacin, na ce zumunci. Yau in na tuna sai in ji kamar ni na riƙe masa fitila.

Bayan nan kun san abin da ya faru. Yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, aka wawushe gidan tarihi na ƙasa a Khartoum, a 2024 wuta ta iso Jabal Moya kanta. Ranar da muka bar gida, Hajiya ta ɗaure tukwane da katifa, ni na cusa littafin da nake rubuta lambobin ramuka a cikin riga. Buhun albasan yana nan bayan rumbu, in ba a taɓa ba. Ban amsa saƙon ɗan Baffa ba tukuna. Mako mai zuwa sai zancen hanyar Gadarif.