Kwalin da ke jikin ƙofar shago a Palermo

Jiya na shiga wani shagon gahawa a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, sai na ga ɗan kwali manne a ƙofa an rubuta Addiopizzo. Da na tambayi mai shagon, ya ce ma'anarsa sun yi ban kwana da "pizzo", wato kuɗin da 'yan Cosa Nostra, ƙungiyar masu aikata manyan laifuka ta Sisili da aka fi sani da Mafiya, ke karɓa hannun 'yan kasuwa da sunan kariya. Kariya daga wa? Daga su ɗin dai! Matasa ne suka fara wannan yunƙuri a 2004.

Ni da na ɗauka a tsakiyar birni Mafiya ta tsiro, ashe tushenta na gonakin lemo ne da manyan filaye a ƙarni na 19. Hukuma ba ta da ƙarfi a karkara, masu gona suka riƙa ɗaukar 'yan gadi, sannu a hankali 'yan gadin suka zama masu yanke hukunci. Daga baya suka kutsa cikin kwangilolin gini da fataucin miyagun ƙwayoyi zuwa Amurka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hanyar filin jirgi. A Capaci direbanmu ya rage gudu, ya nuna wurin da bam ɗin 'yan Mafiya ya tashi da alƙali Giovanni Falcone da matarsa da 'yan sanda uku a ranar 23 ga Mayu, 1992. Bayan kwana 57 suka kashe abokinsa, alƙali Paolo Borsellino. Filin jirgin da na sauka sunansu yake ɗauke da shi, wallahi ban ma lura ba sai da direban ya faɗa.